Sikeli Biyu

Shekara ashirin ina awon dabino
a kasuwar Madina, kusa da Harami,
ajwa, safawi, da wanda ake kira sukari,
in ɗora, in rage, in ƙara wa baƙo gyara.
Ban taɓa jin tsoron sikeli ba.

Sai ranar da likita ta zaunar da mu,
ni da Rayyanu, yana ɗan sha biyu,
ya rame, yana shan ruwa kamar rairayi.
Ta ce ciwon sukari ne, irin na yara:
allura kafin cin abinci,
a ƙirga shinkafa, a auna gurasa.
Ta miƙo takarda mai layi goma.
Cewa ta yi a lura.
Ba ta ce a daina ba.

Ni na sayo masa ƙaramin sikeli,
fari, na kicin, mai jar lamba.
Ni na koya masa, har da alfahari,
wai ɗan mai awo ba ya kuskuren awo.
Cikin mako guda ya fi ni iyawa.
Duk baƙon da ya zo sai na nuna shi:
ku ga yaron da ba ya kukan alewa!
Gwaggonsa Talatu ta yi ta sa albarka.
Ba mu san abin da muke yabo ba.

Tasa takardar, a littafin lissafi na tsince ta,
shafi huɗu, da jan biro:
ban da madara, ban da ayaba,
ban da fatar kaza, ban da man da ke kan wake,
ban da komai bayan isha'i.
Har tuwon da uwarsa ke tuƙawa ran Juma'a
da kukar da alhazai ke kawo mana tsaraba
ya soke da layi biyu.
Ko ɗaya likita ba ta rubuta ba.

In lambar na'ura ta sauka, ya yi murmushi
kamar wanda ya ci jarrabawa.
In ta hau, ya shige ɗaki ya rufe,
ina jin takunsa, kai da kawo, har dare ya raba.
Agogonsa ya zame ya nufi gwiwar hannu.
Jallabiya na rataye a jikinsa kamar a ƙusa.
Sai ya tura shinkafa gefen faranti,
ya yi mata rami, ya ce na ƙoshi.
Kyanwar gidan kuwa sai ƙiba take,
ba mu tambayi dalili ba.

Rayyanu na raɗa maka, ɗana,
sunan ƙofar da masu azumi za su shiga.
Amma kowane azumi da magaribarsa.
Ko a Harami, ladan na kira,
hannu dubu ne ke miƙa dabino.
Ban raɗa maka azumin da ba a shan ruwa ba.

Da ya faɗi a filin makaranta
aka haɗa mu da wata likitar.
Ba ta nemi littafin lambobi ba,
cewa ta yi: me kake tsoro?
Ya daɗe yana kallon yatsunsa.
Ya ce: in na ci, sai in ji na yi laifi.
Ta dube ni, ta ce ciwon ya zama biyu,
na biyun kauci ne, a reshen na farko ya tsiro.
Na tuna duk madallar da na yi
a kan farantin da bai cinye ba.

Yanzu sikelin na hannun uwarsa,
a kicin take awo, bayan ƙofa.
Jiya na dawo da ajwa ɗaya a aljihu,
na raba biyu, na cire ƙwallon.
Ya yi allurarsa. Ya riƙe rabin
har shayina ya huce, har na sake wani.
Sannan ya kai baki.
Uwarsa ta juya tana goge tukunyar da ta riga ta goge.
Ni kuma na tauna nawa rabin a hankali,
ina kallon fanka.
Ban ce madalla ba.